Muttaka Ba-Baya da Jeren Ɗakin 'Yar Fari

A Haɗeja, idan baƙo ya tambayi shagon Malam Muttaka mai gyaran rediyo, sai mutane su yi ta kallon juna, domin masu gyaran rediyo suna da yawa, masu suna Muttaka ma haka. Amma da zarar ya ce Muttaka Ba-Baya, ko mai adaidaita-sahun da bai daɗe da fara aiki ba zai sauke shi a ƙofar shagon. Waɗanda suka laƙa masa wannan suna ba da nufin yabo suka yi ba. Asalinsa irin lasifikun da yake haɗawa ne: falanki mai faɗi a tsaye, an huda shi, an ɗaura lasifika a cikin hudar, shi ke nan. Babu akwati, babu murfi, ba baya. Duk wanda ya zagaya ta baya zai ga maganaɗisu da wayoyi a fili, babu abin da ya sakaya su.

Ba da wannan ya fara sana'a ba. Shekaru ya yi yana gyaran rediyo da rikoda da amfilifayar masallatai kamar kowane mai gyara, har zuwa wata damina da kogi ya cika ya shigo unguwarsu. Da ruwa ya janye, ya tarar da akwatunan lasifikar da aka kawo masa gyara sun kumbura sun rududduge, saboda da garin katako aka yi su. Ya ciro lasifikun ya shanya. Da ya so gwada ɗaya, bai sami abin da zai ɗaura ta ba sai wani ɓallin tsohon kwalekwale da ruwa ya yar a bayan gidansa. Ya huda shi, ya ɗaura, ya jona waya, ya saka kaset ɗin marigayi Fannami, wani tsoho mai kukuma da yake yi wa masunta waƙa, wanda shi Muttaka ya taɓa ɗaukar waƙarsa da hannunsa. Abin da ya ji ya sa ya zauna a kan laka bai sani ba. Ya saurari kaset ɗin nan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, amma bai taɓa jin gogar gashin kukuma da jan numfashin tsohon ba sai ranar.

Tun daga nan ya yanke hukunci, bai kuma sake shi ba. Yakan ce akwati gora ne irin na masunta: ka sa bakinka a ciki ka yi magana, muryarka za ta yi kauri, amma ba taka ba ce. Ya yi ta gwaji shekara da shekaru. Ya gane cewa idan falankin ya yi siriri, iskar da lasifika take turawa gaba da wadda take turawa baya sukan haɗu a gefe su kashe juna, sai sauti ya fito ba nauyi. Don haka ya riƙa neman katako mai faɗi, ya ƙara masa fuka-fuki a gefe. Ya gane hudar ba a tsakiya ya kamata ta zauna ba, sai an ɗan kauce. Ya gane katakon kwalekwalen da ya sha ruwa da rana ya fi sabo natsuwa, ba ya rawa. Abu mafi muhimmanci kuma, ya gane irin wannan lasifika ba ta son bango. Dole a janye ta gwargwadon yadda mutum zai iya wucewa ta bayanta, domin sautin da ya fita ta baya ya sami inda zai je ya dawo.

Masu kiɗan biki sun zo sun gani, sun yi dariya sun tafi. Su abin da yake girgiza ƙirji suke nema, wanda za a ji daga wata unguwa. Abokan zamansa na bakin shago sukan ce masa, "Malam Muttaka, in katako ne ya ƙare ka faɗa mana mu yi maka karo-karo." Yakan amsa, ba tare da ya ɗaga kai daga dalmar da yake narkarwa ba, "Kunne ne ya ƙare a garin nan, shi kuwa ba a yi masa karo-karo." Gyaran rediyo da wayoyi ya ci gaba da ciyar da gidansa. Lasifikun kuwa masu sayensu ba su da yawa, bai kuma taɓa rufe bayan ko ɗaya ba don ya sami mai saye.

A gidansa akwai kunne ɗaya da bai ƙare ba, kuma ya sani, sai dai ba shi da damar faɗa. Jannatu 'yarsa ta fari ce. Danginsu asalinsu makiyaya ne da suka zauna a gari tun kakanni. Shanu sun tafi, amma kunyar ɗan fari ba ta tafi ba. Muttaka bai taɓa kiran sunanta ba. Idan ta kama dole sai ya ce "yarinyar nan," ko kuwa "'yar Yaya," domin a al'ada yayarsa Asabe ce mai iko da ita, ita ta yaye ta, ita ake tambaya duk abin da ya shafe ta. Ba ya hira da ita, ba ya yabonta a gaban mutane. Amma ya daɗe da lura cewa duk ranar da ya kunna lasifikun ɗakinsa da la'asar, sharar tsakar gida takan yi tsawo a daidai ƙofarsa, tsintsiya kuma takan tsaya cik idan Fannami ya ɗauki waƙa.

Da aka sa ranar aurenta da Abdulmannan, wani malamin gona a Kirikasamma, saƙo ya zo masa ta bakin matarsa Hafsat.

"Malam, yarinyar ta ce in da hali tana son irin na ɗakinka."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya tambayi ko an ba awaki dusa. Washegari ya tafi bakin kogi ya sayi gefen wani tsohon kwalekwale.

Gado da kujeru da sho-gilas duk ya ba Ɗanladi kafinta ya yi, kamar yadda kowane uba yake yi. Lasifikun nan biyu kuwa shi kaɗai ya taɓa su. Damina guda ya yi yana kansu: ya kankare, ya goge, ya shafe su da mai har jan katakon ya fito, ya bar ramukan tsofaffin ƙusoshi yadda suke. Ya haɗa musu ƙaramar amfilifaya mai aiki da batirin sola. Abin da ba zai iya faɗa wa 'yarsa da baki ba, shi ya zuba a cikinsu, ko da yake da wani ya gaya masa haka da ya musa.

Ana saura kwanaki kaɗan a kai kaya, Asabe ta zo duba abin da za a jera. Mace ce mai jiki da murya, wadda ba a taɓa yin jere a danginsu ba tare da ita ba. Har yanzu Ɗan'auta take kiran Muttaka, duk da furfurar da ta cika masa gemu. Ta duba gado ta yaba, ta buɗe sho-gilas ta rufe. Sannan ta tsaya a gaban falankan nan biyu.

"Ɗan'auta, waɗannan yaushe za ka gama su?"

"An gama, Yaya."

Ta zagaya ta baya, ta leƙa, ta riƙe haɓa.

"Wannan ne an gama? Hanjinsa a waje kamar an yanka rago an tafi sallah?"

"Haka ake yin sa. Kuma idan an kai, kada a jingina shi da bango."

"Kada a jingina da bango! A jere? Tun da uwarmu ta haife ni ban taɓa ganin kayan ɗaki a tsakiyar ɗaki ba sai tabarma." Ta sassauta murya, abin da ba ta cika yi ba. "Ka saurare ni. Dangin miji za su shigo kallon ɗaki. Mata ba gaban kaya suke dubawa ba, bayansa suke leƙawa. Za su ce uban yarinya ƙarfinsa ya ƙare a rabin akwati."

"Su ce."

"Su ce? Kai kana shagonka a Haɗeja, an saba yi maka dariya har ka yi ƙanta. Ita ce za ta zauna a cikinsu, ita za a riƙa yi wa habaici a bakin rijiya. 'Yata ce, ba zan kai ta da abin gori ba."

Muttaka ya san ba ƙarya ta yi ba. Amma bai ce ya yarda ba. Asabe kuwa ta ɗauki shirunsa ta tafi da shi yadda ya yi mata daɗi.

Ana gobe jere aka kira shi Kaugama, amfilifayar wani masallaci ta ƙone. Ruwa ya tsare shi ya kwana can. Da ya dawo da hantsi, a-kori-kura ta riga ta tafi da kaya da mata. A ƙofar ɗakinsa ya ga garin zarto da guntayen sabon katako. Hafsat tana tsaye, ta kasa haɗa ido da shi.

"Yaya ce ta kira Ɗanladi jiya. Na ce a jira ka, ta ce ba da ni take magana ba."

"Me ya yi musu?"

"Ya rufe bayan. Ya yi kyau dai, Malam, har da fomeka."

"Ita yarinyar ta gani?"

"Ta gani. Ta shige ɗaki ta ja mayafi."

Bai zauna ba. Ya ɗauki filaya da guduma da sukudireba ya zuba a jaka, ya tayar da babur. Hafsat ta biyo shi har zaure tana cewa, "Malam, gidan surukai ne fa, kuma ranar jere. Me za a ce?" Ya ce, "Abin da aka saba cewa," ya fita.

Hanyar Kirikasamma a ƙarshen damina ruwa ne hagu da dama, shinkafa ta fara sunkuyar da kai, ciyawar kacalla ta cinye bakin fadamu, masunta suna ta harkarsu. Bai ga ko ɗaya ba. Abin da yake gani shi ne uban amarya, uban 'yar fari, tsaye a ƙofar gidan mijinta da guduma a hannu. Ya san labarin zai riga shi komawa Haɗeja. Sau da dama ya rage gudu, bai dai juya ba.

Wadda ta amsa sallamarsa a zaure Hajiya Yelwa ce, gwaggon ango, wata dattijuwa mai fara'a da son barkwanci.

"Ikon Allah! Baban amarya da kansa? Ko ka zo ka taya mu jera kwanuka ne? Akwai sauran zani, sai mu ɗaura maka."

Ya gaishe ta a ladabce, kansa a ƙasa. Ya ce ba shiga zai yi ba. Alfarma ɗaya yake nema, a fito masa da akwatuna biyun nan masu fomeka. Yelwa ta dube shi, ta dubi jakar, ta koma ciki tana dariya. Jim kaɗan mata suka fito da su suna nishi, wasu kuma suka biyo baya don kallo.

Gaskiya Ɗanladi ya yi aiki mai tsabta. Ya yi musu gefe da baya, ya bi da fomeka mai sheƙi, sun zama kamar na kanti. Muttaka ya durƙusa, ya cusa sukudireba a mahaɗa, ya ɗan buga da guduma, ya danna. Ƙusa ta farko ta yi ƙara ta fito. Yana zare ƙusoshin a hankali don kada ya ji wa tsohon katakon rauni, sai ga Asabe, hannunta da kumfar sabulu.

"Muttaka!" Yau babu Ɗan'auta. "Ka haukace ne? A gidan mutane?"

Bai ɗaga kai ba. Ya ɓamɓare bayan na farko ya jingina shi da bango, ya matsa ga na biyu.

"To ka ji da kyau. In ka tsiraita su, ba za su shiga ɗakin nan ba. Ni ce mai jere. Ka ɗaure su a babur ɗinka ka koma da su shagonka, can aka san darajar rabin aiki."

Zauren ya yi tsit, sai ƙarar ƙusa. Ya gama na biyun, ya share garin katako daga kan maganaɗisu da gefen rigarsa, sannan ya miƙe ya fuskanci yayarsa.

"Yaya, gadon nan naki ne, ki sa shi inda kika so. Kujerun ma haka. Duk abin da yake cikin ɗakin nan kuɗi ne ya yi shi, kowane uba zai iya. Wannan kaɗai ne ni na yi. Kuma ba ni na ce a kawo ba, ita ta roƙa. Ba akwati ta roƙa ba, irin na ɗakina ta ce." Ya nuna falankan. "Ba nawa ba ne balle in koma da shi, ba kuma naki ba ne balle ki rufe. Na Jannatu ne."

Wata daga cikin matan Haɗeja ta ce "La ilaha!" ta rufe baki da mayafi. Dangin ango ba su gane abin da ya faru ba sai da aka raɗa musu. Asabe kuwa ta gane tun kafin ya rufe baki. Ita ta riƙe jaririyar ranar suna, kuma tun daga ranar ba ta taɓa jin sunan nan a bakin ƙanenta ba. Ta daɗe tana kallonsa, kumfar hannunta tana bushewa.

"Mara kunya," ta ce daga ƙarshe, amma muryar ba ta faɗa ba ce. Ta goge hannu a zani. "To ba za su shiga tsirara ba dai. Wannan ko Ɗan'auta zai mutu. A samo ƙyalle."

"Katako ne ban yarda da shi ba," in ji shi. "Ƙyalle kuwa, sai wanda iska take wucewa."

Aka kawo atamfa. Ya kara ta a bakinsa ya hura, ya sa tafin hannu a ɗaya gefen, ya girgiza kai. Aka kawo ragowar labule, ya hura, ya mayar. Yelwa ta ce, "Yau ga surukin da yake yi wa zannuwa tofi." Mata suka kwashe da dariya. Asabe ta yi tsaki, ta buɗe jakarta, ta ciro wani siririn gyale da ta tanada don ranar wuni, ta wurga masa. Ya hura, iska ta taɓa tafinsa.

"Wannan ya yi."

Da hannunta ta raba gyalen biyu. Ya kafe kowane rabi da ƙananan ƙusoshi daga sama kawai, ya bar shi yana lilo.

Saura wurin ajiyewa, shi kuwa ba zai taka ɗakin 'yarsa ba, ko da ya karya wata kunyar a yau. Aka bi da shi ta tsakar gida ya tsaya a gindin taga, ya juya wa ɗakin baya. Ya ce a jona wayoyin, ja da ja, baƙi da baƙi, a janye falankan daga bango yadda mutum zai wuce ta baya, sannan wata ta zauna a bakin gado, inda mai ɗakin za ta riƙa zama. Asabe ta ce babu mai zama a gadon 'yarta sai ita. Ya miƙa wayarsa ta taga aka jona, kukumar Fannami ta tashi.

"Yaya, daga ina muryar take fitowa?"

"Daga na hagu. Na daman bebe ne, kamar mai shi."

"A juya na dama kaɗan, ya kalli hancinki."

"Ka bar hancina a inda yake!"

Mata suna dariya suna ja, yana saurare ta taga yana ba da umarni. A matso da shi gaba. An yi yawa, a mayar. A ɗage wancan tulin kwanukan, suna amsawa. Yelwa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin jeren da namiji yake yi da ƙeya ba. Aka ja, aka tura, aka sake ja. Can sai dariyar ta ɗauke, ba wanda ya ce a yi shiru.

"Yaya?"

Ya sake kira.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "A tsakaninsu, gaban sho-gilas, inda babu kowa. Har ina jin yana jan numfashi." Sannan ta ƙara da cewa, "Fannamin nan shi ya yi mini kiɗa ranar da aka kai ni."

"To kada a ƙara taɓawa."

Asabe ta tashi ta karɓi kwalbar janfarce a hannun wata budurwa, ta durƙusa da ƙyar, ta ɗiga ja a kan ledar ɗakin daidai kusurwar kowane falanki, domin in an ɗaga don shara a san inda za a mayar. Sannan ta leƙo ta taga.

"Kada ka ce na yarda. A idona har gobe rabin aiki ne."

"Na ji, Yaya."

"Ka kwashi katakon Ɗanladi ka tafi, kafin mazan gidan su dawo su ga abin kunya."

Abin da Asabe ta ji tsoro bai fasa faruwa ba. Masu kallon ɗaki sun leƙa bayan gyalen, sun ga maganaɗisu, sun yi magana. Wasu sun ce allunan makaranta uban amarya ya ba ta. A Haɗeja kuma an yi mako ana ba da labarin dattijon da ya je jere da guduma ya kira sunan 'yar fari a gaban surukai. Muttaka bai ba kowa haƙuri ba. Katakon Ɗanladi ya yi wa akurkin kaji ƙofa da shi. Ya kuma sa mai fenti ya rubuta BA-BAYA da manyan baƙaƙe a saman shagonsa, don kada baƙo ya sha wahalar tambaya.

Bayan biki da 'yan watanni Hafsat ta je ganin ɗaki ta dawo. Tana zuba masa ruwan alwala ta ce, kamar da buta take magana, wata rana uwar mijin ta shiga ta tura falankan jikin bango don ɗaki ya yi fili. Yarinyar ta bari ta fita, ta jawo su ta mayar a kan jan ɗigon. Aka sake turawa, ta sake mayarwa, har aka gaji aka bar mata.

Muttaka ya wanke fuska, ya shafi gemu. Bai sake kiran sunan ba, kuma ba a sa ran zai sake. Ya dai tambaya ko gyalen bai yi ƙura ba, domin in ya yi, a gaya wa 'yar Yaya ta cire ta wanke, kada ta sa masa sitaci.